Na Yi wa Dabbar Samudawa Sharar Gona

Tun da na dawo ba ni da sakat. In na zauna a teburin mai shayi sai wani ya ce, “Sunusi, wai da gaske ƙashin ya fi ka tsawo?” In na je sallar Juma'a a garin Zakirai, kafin in laluɓo takalmina wani ya riƙe mini hannu yana tambaya a asirce ko an samu zinare. Har suna aka laƙaba mini, wai Na-Samudawa. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure, kowa ya tafi ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na zauna in rubuta shi sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ba yawon buɗe ido ne ya fitar da ni ba. Shekarar nan ce da taki ya gagari kowa, magidanta suka koma auna gero da gwangwanin madara. Kun san yadda gonakinmu suke, in ka yi atishawa a taka, maƙwabci ne zai yi maka addu'a daga tasa. Mu huɗu ne maza a wurin Baba, biyu da iyali, kuma duk gona ɗaya muke kallo. Wata ranar bazara Baba ya kira ni gindin ɗorawa, ya daɗe yana wasa da ƙasa da sandarsa, sannan ya ce, “Sunusi, gonar nan ba za ta ɗauke ku ku huɗu ba. Kai aka kai boko. Ka nemi naka da takarda.” Maganar ta zauna mini a ƙirji.

Takardar kuwa ta me? Na yi difloma a kan adana kayan tarihi, wato yadda za a hana asu cin tsohuwar riga, a hana gara cin tsohon littafi. Wani ofishi a birni ya ce zai ɗauki mutane, amma sai mai shaidar ya yi horon sanin makamar aiki. Wani malaminmu ya samo mini gurbi a wurin wasu masu bincike a Nijar, can bayan Agadas, masu tonon ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin a yi mutane. A littafi dainaso ake ce musu. A garinmu na yi bayani har na gaji, aka ce, “Oho, dabbobin Samudawa,” magana ta ƙare. Abin da ni na sani ɗaya ne: in shugabar aikin ta rubuta mini takarda mai kyau, na samu wurin tsayawa. In ba ta rubuta ba, na dawo na zama baki na huɗu a kan kwanon da bai ishi uku ba.

Inna ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli da garin yaji mai yawa. Na hau mota ta Gumel zuwa Maigatari. Saboda tsadar mai, direba ya jera mu huɗu a gaba, shi kansa rabin jikinsa a waje yake tuƙi. Kuma duk inda ya hango gangara sai ya kashe inji. Matsalar ita ce tsakaninmu da Gumel babu gangara, shi kaɗai yake ganinta.

A bakin iyaka wani jami'i ya karɓi takarduna, ya tambayi abin da zai kai ni.

“Tonon ƙashi, ranka ya daɗe.”

Ya ajiye biro a hankali. “Ƙashin wa?”

“Na dabba ne.”

“Dabbar wa?”

“Ba ta kowa ba ce. Ta mutu tun kafin a yi mutane.”

Ya dube ni tun daga hula har silifa, ya ƙwala wa abokin aikinsa kira. “Zo ka ga ikon Allah. Ana wannan yunwa, bawan Allah zai tsallake ƙasa neman ƙashin da ko romo ba ya yi.” Suka yi dariya har da riƙe ciki, ya buga mini hatimi, ya ce in na samu mai ɓargo in tuna da shi.

A Damagaram na kwana a tasha, kan tabarmar haya. A nan na fara gamuwa da burodinsu, dogo kamar taɓarya, mutum ya saƙale shi a hammata ba leda ba takarda ya yi ta gaisawa da jama'a. Na gatsa, ya yanke mini dasashi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne shingen hanya. Igiya ce kawai a ɗaure, amma da mota ta tsaya kowa ya sauka ya bi layi shiru, kati a hannu. Ba mai cewa “ka san ko ni wane ne?” Na yi ta jira a fara musu irin namu, har muka wuce ba a fara ba, sai na ji kamar ba a yi tafiya ba.

Da muka wuce Tanut gonaki suka fara ƙarewa, can kuma suka ƙare gaba ɗaya. Fili iya ganinka, ba gamba, ba bini-da-zugu, ba alamar iyaka ko ɗaya. Na taɓa mutumin da ke kusa da ni na ce, “Malam, wannan filin na wa ne?”

“Na Allah.”

“Na sani. Amma wa Ya ba?”

Ya kalle ni ya ce, “Kai Bakano ne, ko?”

Ban ji haushi ba, don lokacin ina can ina jera kunya a zuci, ina raba wa yayyena. A wannan hanyar ne lagireton motar ya huje, muka yi wuni biyu a gindin wata ƙaya. Daga ƙarshe direba ya bi fasinja yana tambayar mai garin barkono. Na kwance ƙullin Inna, ya juye rabi a lagireto, ɗigar ta tsaya. Yajin Inna ne ya kai mutum ashirin Agadas, kuma har yau in na faɗa mata sai ta ce ina yi mata tsiya.

Daga Agadas motar ruwa na bi, da rakiyar sojoji, zuwa sansanin. Tantuna ne 'yan kaɗan a tsakiyar babu. Shugabar aikin sunanta Madam Fati, Bazabarmiya daga Yamai, 'yar gajeruwa, ba ta ɗaga murya, kuma kullum da ɗan littafi a aljihunta. Akwai ɗalibai da Turawa biyu. Sai Baba Agali, wani dattijon Buzu wanda shi ya fara ganin ƙasusuwan yana kiwon raƙuma. Shi ke yi mana jagora, shi ke dafa shayi, shi ke gasa mana wani burodi da ake binnewa a cikin rairayi mai zafi. Da farko na ƙi ci, na ce a garinmu abin da ya faɗi ƙasa ma sai an hure shi. Kwana biyu yunwa ta gyara mini ra'ayi.

Ƙashin kuwa gaskiya ne, ya fi ni tsawo. Na cinya ne, yana kwance rabi a cikin dutse, ja-ja, sumul. Na tofa hannu ina jiran a ba ni diga ko magirbi. Sai Madam Fati ta miƙo mini buroshi irin na fenti, ƙarami, da wani tsinken ƙarfe kamar na sakace. Ni da ba a taɓa barina a baya a gayya ba! Daga hantsi zuwa azahar muka buɗe wurin da bai fi tafin hannu ba, kuma wallahi tafi aka yi. Ga wani Bature da furfurarsa ya yi rub da ciki yana hura ƙasa da baki. Na ce a raina, da Babanmu na gida zai ga wannan aiki da ya kori kowa kafin a kawo fura.

Hannuna ya ƙi koyon nawa. Sau biyu Madam Fati tana riƙe mini wuyan hannu. “Sannu-sannu, Bakano. Ta daɗe tana jira, ba ta gaggawa.” Kuma duk lokacin da ta faɗa sai ta zaro littafin nan ta yi rubutu. Na tsani littafin nan. Na san daga cikinsa takardata za ta fito, kuma na san abin da ke ciki zuwa yanzu ba yabo ba ne. Na ƙudura sai na nuna wa matar nan cewa ba ragon mutum aka aiko mata ba.

Ranar Lahadi da la'asar muka bi ta wani wuri daban, ɗan nesa da ramin da muke tonon ƙashin. An kafa turaku, an ja igiyoyi a tsaye da a kwance, an yanka filin ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki kamar faɗin tabarma. Madam Fati ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaukar hoto, ta ce, “Gobe nan za mu fara.” Na dubi wurin. Ko'ina baƙaƙen duwatsu ne a warwatse, ƙanana da manya, wasu kamar dunƙulen hannu. Ba su yi kama da ƙashin ramin ba ko kaɗan. Na yi mamaki ƙwarai. Mutane da digiri-digiri, za a fara aiki gobe, kuma ba wanda ya ga ya kamata a share fili!

Ku da kuka san mu kun san dalili. Tun da takin zamani ya fi ƙarfinmu muka koma takin bola da ake kawowa daga birni, shi kuwa da tarkacensa yake zuwa: fasasshiyar kwalba, guntun bulo, leda, tsohon batir. Tun ina ɗan shekara bakwai aikina ke nan kafin shuka, in bi gona in tsince da hannu in tara a gefe. Idona ba ya iya ganin tarkace a filin da za a yi aiki ya yi shiru.

Da na idar da sallar asuba na zame. Na tuɓe riga na duƙa. Ku zo ku ga aiki! Kafin rana ta yi tsawon sanda na gama da filin tas, kowane ɗaki fes, duwatsunsa a tsibe a kusurwa. Na mayar da rigata, na tsaya a bakin igiya na harɗe hannu a baya, ina ta gyara fuska don kada a ga ina jiran yabo.

Madam Fati ce a gaba da suka taho. Ta tsaya cak. Ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. Ta yi magana da Zabarmanci, ta yi da Faransanci, Baturen nan mai furfura ya zauna a ƙasa daɓas ya dafe kai. Sannan ta juyo da Hausa.

“Wa ya yi wannan?”

Na matso gaba. “Ni ne, Madam. Ba komai, ai yi wa kai ne.”

“Wutsiya ce,” in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. “Wutsiyar dabbar ce ka kwashe. Rana da iska ne suka farfasa ta, suka baƙanta ta. Inda kowane guntu yake kwance, shi ne karatun da muka zo yi. In ba wurinsa, tsakuwa ce kawai.” Ta zaro littafin, ta dube shi, ta mayar ba ta rubuta komai ba. Wannan ya fi rubutun tayar mini da hankali. “Motar ruwa za ta zo Alhamis. Ka bi ta.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tsoro ya fi kunyar. Ba Madam nake tsoro ba. Gindin ɗorawar nan nake gani, da Baba yana wasa da ƙasa, da ni tsaye hannu wofi ina ce masa an koro ni saboda na yi shara. Na koma bayan tanti na zauna, hawaye suka zubo, ban hana su ba.

Baba Agali ya zo da ɗan kofin shayinsa ya tsuguna. Bai ba ni haƙuri ba. Sai da na shanye ya ce, “Bakano, abu guda ya ɗaure mini kai. Don mi ka yi tsibi da yawa haka? In ni ne, tsibi guda zan yi can gefe in huta.”

Duk da halin da nake ciki sai da raina ya ɓaci. “Haba Baba! In ɗauki tarkacen wannan ɗaki in tsallaka igiya in zuba a wancan? A garinmu an yi damina biyu ana zaman sulhu a gaban dagaci a kan guntun bulo ɗaya da wani ya jefa gonar maƙwabcinsa. Abin da ka tsinta a naka, a naka yake zama. Ko da wasa Babanmu ya ga ka wurga tsinke ƙetaren gamba, ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba.”

Ya saki rawanin da ya rufe bakinsa, karo na farko da na ga haƙoransa. “Ko guda bai tsallaka ba?”

“Ko ɗaya.”

Ya miƙe ya tafi. Jim kaɗan sai ga Madam Fati da na'urar hotonta. Ba ta kalle ni ba. Ta je wani ɗaki ta ɗauki dutse daga tsibin, ta duba hoton jiya, ga shi a ciki. Ta je wani ɗakin can ƙarshe ta sake gwadawa, haka. Ta duƙa ta leƙa ƙasa. Da yake da hannu na tsince, ban ja manjagara ba, gurbin kowane dutse yana nan a fuskar ƙasa, ɗan rami daidai jikinsa.

“Kai ka kwashe,” ta ce, “kai za ka mayar. Guda-guda, yadda yake kwance a hoto. Kana da zuwa Alhamis, in iska ba ta riga ka cike gurabun ba.”

Ina jin ni ne mutum na farko a tarihin garinmu da ya mayar da shara gona. Kwana uku ina rarrafe, hoto a hannun hagu, dutse a dama, ina juya shi ina gwadawa har ya zauna. Gwiwoyina suka sale. Duk sanda iska ta motsa sai in bi gurabun da suka rage ina kifa musu kwanonin cin abinci, har mai girki ya kawo ƙara. A nan ne, ba a ramin ba, hannuna ya koyi nawa. Dutsen da na ɗauke a ƙiftawar ido sai ya ci mini rabin sa'a. Baba Agali ya koya mini yadda ake gane ƙashi: ka ɗora a harshe, in ya kama harshen ƙashi ne, in ya zame dutse ne. Na lashi Sahara iya lasa.

Ba duka suka koma ba, kada in yi muku ƙarya. Wasu ƙananan iska ta shafe gurabunsu, sai dai aka rubuta lambar ɗakinsu aka ƙulle a leda. Ranar Alhamis motar ruwa ta zo, ta sauke, direba ya yi ta danna ham. Ina duƙe ban ɗago ba, ina jiran a kira sunana. Na ji an tayar da inji, na ji ƙarar tana nisa har ta ɓace. Da azahar Madam Fati ta ajiye mini buroshina a gefen igiya ta wuce.

Dutse ɗaya ya rage a hannuna daga ƙarshe, mai ɗan girma, ba shi da gurbi, a hoto ma can gefen turke yake. Na kai mata. Ta ɗora a harshe, ta tofar.

“Wannan dutse ne. Shi kaɗai ka share da gaskiya. Riƙe abinka.”

Na ƙarasa wata biyuna. Muka naɗe ƙasusuwan da buhun algarara da farar ƙasa irin ta ɗorin asibiti, aka loda. Ranar sallama ta ba ni takardata, kuma ba ta ɓoye komai ba. Ta rubuta cewa na kwashe wutsiya, ta rubuta cewa na mayar, ta ce ba ta taɓa aiki da wanda yake girmama igiya kamata ba.

Ban ko biya gida ba, na wuce ofishin nan na birni da ƙurar hanya a jikina. Jami'in ya karanta fassarar takardar, don da Faransanci aka rubuta ta, ya jinjina kai, ya ce madalla, irinmu ƙasa take nema. Sannan ya ce an dakatar da ɗaukar aiki sai abin da hali ya yi. Ya jefa takardar a wani kabad. Da ya buɗe na hango gara ta yi gini a kan fayilolin ƙasa, na ce masa ina da maganinta. Ya ce in rubuto a takarda.

Da yamma na iso gida. Bayan an gama murna an watse, na samu Baba a gindin ɗorawa, na ba shi labari tun daga yajin Inna har kabad. Duk wanda na ba labarin sharar nan sai ya yi dariya har ya ƙware. Baba bai yi ba. Da na gama ya ce, “Ɗakuna nawa ne?”

“Sun fi talatin, Baba.”

“Ba mai ganinka?”

“Ba kowa.”

“Kuma ba ka tsallake igiyar ko ɗaya ba?”

“Ban tsallake ba.”

Ya miƙo hannu, na ɗora masa dutsen, don shi kaɗai ne tsarabar da na kawo. Ya jinjina nauyinsa, ya miƙe, ya ce in biyo shi. Muka ratsa ta wurin yayyena har ɓangaren da ya ware wa kansa, inda yake shuka ɗan geron da shi da Inna suke ci. Ya tsaya a bakin gamba ya fara taku yana ƙirgawa a hankali. Da ya kai tsakiya ya duƙa da ƙyar, ya tona da hannu, ya dasa dutsen, ya take gefensa da diddige.

“Daga nan zuwa gamba naka ne.”

Na ce, “Baba, kai da Inna fa? Kai ka ce ba za ta ɗauke mu ba.”

“Na faɗa,” ya ce, yana karkaɗe hannu. “Sai ta koya.”

Na auna wurin da ido, don yanzu na iya awo. Bai kai tsawon dabbar nan ba in an haɗa da wutsiya. Ina tsaye a kansa, shi kuwa Baba har ya juya ya nufi gida, yana cewa in zo da wuri gobe, akwai shara.